Ruwan da ke sauka a Kano, ina yake ƙarewa?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce da ni mai rassa biyu, ina roƙon waɗanda suka san harkar ruwa su warware mana. Na farko, ruwan da ke sauka a birnin Kano da damina, bayan ya bi kwata ya faɗa rafi, ina yake ƙarewa? Wasu na cewa teku, wasu na cewa Tafkin Chadi, kuma duk shekarar da Haɗeja ta yi ambaliya sai ka ji ana cewa ruwan Kano ne aka sako musu. Na biyu, me ya sa unguwannin da da can gonaki ne, ba a san su da ambaliya ba, yanzu ruwan awa ɗaya sai ya shiga ɗakuna, alhali kwalbatin bakin titi shi ne dai na da, ba a taɓa shi ba? Ruwan ne ya ƙaru, ko kuwa wani abu ne daban?

Injiniyan Ruwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, fara da duban rufin kwano mai doro a tsakiya. Ɗigon da ya sauka taƙi ɗaya hagu da doron, tsakar gida zai gangara. Wanda ya sauka dama kuma lungu zai bi, ba za su sake haɗuwa ba. Ƙasa ma tana da irin wannan doro, sai dai ba kullum ido ke ganinsa ba, domin sau da yawa tudu ne mai faɗi da ake noma gero a kai. Shi ne marabar ruwa. Duk filin da doron ya kewaye, wanda ruwansa ke taruwa ya fita ta mafita guda, shi ake kira kwarin wannan kogi, ko da garin ya yi nisan kilomita ɗari da bakin ruwa.

Kano tana cikin kwarin Tafkin Chadi, ruwanta ba ya ganin teku. Zariya kuwa, da ke nan kusa, ruwanta Kubanni yake bi ya faɗa Galma, Galma ta kai shi Kogin Kaduna, daga nan Neja, sai teku. Na Funtuwa yamma yake yi, ta Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi, shi ma ya ƙare a Neja. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ya sha tsallake wannan doro a mota bai sani ba.

Birnin Kano kansa rabe yake gida biyu. Ruwan cikin gari, da Fagge, da Sabon Gari, Jakara yake bi, Getsi ta kawo na wajen Bompai su haɗu, su zuba a dam ɗin Wasai da ke Minjibir. Abin da ya tsallake Wasai ba ya yin nisa sosai, rairayi ke shanye shi. Kudancin birni kuma, wajen Sharaɗa da Panshekara, ƙananan rafuka irin su Salanta ke kai shi Kogin Challawa. Challawa ta haɗu da Kogin Kano kafin Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗeja, ya bi ta Ringim da Auyo ya isa Haɗeja.

A wajen Wudil ne labarin ke canzawa, kuma nan nake so a tsaya a fahimta. Yamma da Wudil, in ka yi tono kaɗan dutse za ka tarar. Ƙasar ba ta shan ruwa da yawa, gangaren kuma akwai shi, shi ya sa rafuka ke cika nan da nan su yi gudu. Gabas da Wudil rairayi ne da yumɓu mai zurfin gaske, ƙasar kuma shimfiɗe take kamar faifai. Kano tana kimanin mita 480 sama da teku, Haɗeja wajen 360, Tafkin Chadi wajen 280. Ke nan daga Haɗeja zuwa tafkin, nisan kusan kilomita 400 a miƙe, saukar duka mita 80 ce, wato kamar santimita 20 a kowace kilomita, ƙasa da taƙin babban mutum. Kogin kuma ba a miƙe yake tafiya ba. Ruwan da ya zo da ƙarfi daga sama, da ya iso nan sai ya rasa gangaren da zai ja shi, ya zubar da yashin da ya ɗauko, ya rarrabu, ya malale fadama. Wani ya nutse ƙasa ya cika rijiyoyi, wani rana ta ɗauke, domin abin da rana ke iya ƙafarwa a shekara a can ya ninka ruwan saman da ake samu sau uku ko fiye.

Saboda haka kaɗan ne ƙwarai daga ruwan Haɗeja ke wuce Gashuwa. Mafi yawan ruwan da ke Komadugu Yobe daga Kogin Jama'are yake, wanda ke tasowa daga tsaunukan Jos, inda ake samun ruwan sama wajen milimita 1,300 a shekara. Babu babban dam a kansa. Na Kafin Zaki da aka daɗe ana magana ba a kammala shi ba. Yobe ta bi ta Gaidam da Damasak, ta zama iyaka da Nijar ta wajen Diffa, ta faɗa tafkin kusa da Bosso da Malam Fatori. Tafkin kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan kogin da ke shiga cikinsa daga Chari da Logone yake, can kudu ta Njamena. Namu ɗan tsaraba ne.

Maganar sako ruwa akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake faɗa ba. Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, da dam ɗin Challawa na Ƙaraye da aka gama a 1992, su ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. A farkon damina suna tare ruwa ne, suna rage ambaliya. Idan suka cika a ƙarshen Agusta ko Satumba, abin da ya ƙaru ta makwarara yake tsallakewa, kuma dole ne ya tsallake, domin dam na ƙasa in ruwa ya bi ta kansa karyewa yake, kamar yadda Bagauda ta yi a Agustan 1988. Sannan duk ruwan da ya sauka ƙasa da dam ɗin, har da na kudancin birnin Kano, babu mai tare shi.

Mai Awo

Injiniya ya yi bayanin babban kwari, Allah ya ƙara basira. Bari in ɗauki reshe na biyu, domin kowane kwalbati ma yana da nasa ƙaramin kwari, kuma lissafinsa ba ya buƙatar kwamfuta.

Abu ɗaya za a riƙe: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ce cif. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana da murabba'in mita wajen 465. In aka yi ruwa na milimita 40, wanda ba wani abin mamaki ba ne a Agusta, lita 18,600 ta sauka a wannan fuloti kaɗai, jarka mai lita 25 sama da 740. Tambayar ita ce, nawa ƙasa za ta sha, nawa zai fita ta rariya. Gonar jigawa mai kunya da shuka tana shanye mafi yawa, abin da ke gudu bai cika wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ba. Rufin kwano da daɓen siminti kuwa kashi 90 suke turowa waje. Unguwar da aka gine tsaf, in ka haɗa rufi da tsakar gida da lungunan da ƙafa da taya suka daddaɓe, kashi 70 ba zai zama ƙari ba.

To mu ce filin da ke juye wa kwalbati ɗaya ruwa hekta 10 ne, murabba'in mita 100,000 ke nan, aka yi ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa guda. Lita miliyan 6 ta sauka, in ka raba da daƙiƙa 3,600 ka samu wajen lita 1,670 a kowace daƙiƙa. Lokacin da wurin yake gona, kashi 25 ne ke isa kwalbatin, lita 420 a daƙiƙa. Bututun siminti mai faɗin santimita 60, in yana da tsabta, yana iya wucewa da lita 350 zuwa 500, don haka ya wadatar. Yau da aka gine wurin, lita 1,170 ke zuwa masa a daƙiƙa. Ko babu leda ko ɗaya a ciki ba zai iya ba, sai mai santimita 90 zuwa sama. Ruwan sama bai ƙaru da ɗigo ɗaya a wannan lissafi ba.

Ga kuma saurin isowa. A gona ruwa sai ya cika kunya, ya ratsa ciyawa, na nesa ya iso bayan na kusa ya wuce. A lungu mai siminti duk tare suke isowa cikin minti goma sha biyar ko ashirin, shi ya sa za ka ga titi ya zama kogi tun ana tsakiyar ruwa, bayan awa ɗaya kuma ya ƙafe kamar ba a yi ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne cike kududdufai. Mutanen da sun haƙa su ne don ƙasar gini, amma aikin da suke yi wa gari ya fi haka. Kududdufi mai mita 50 da 50, in akwai sararin mita 2 tsakanin fuskar ruwansa da baki, yana ɗaukar lita miliyan 5. Wancan ruwa na awa guda a hekta 10, abin da ya gudu lita miliyan 4.2 ne. Wato kududdufi ɗaya zai haɗiye shi duka ya riƙa sakinsa a hankali. In an cike shi da shara aka yanka fulotai, gangaren unguwar bai canza ba, ruwan zai ci gaba da zuwa daidai wurin da ya saba, sai dai yanzu ɗakin wani ne a wurin. Kuma ginin da aka ɗora kan shara yana zama, bango ya tsage, domin sharar tana ruɓewa tana lotsawa.

Yashin kwata ma ba ƙaramin abu ba ne. Bututun da yashi ya cika rabinsa ya rasa fiye da rabin ƙarfinsa. Kuma kuskuren da ake maimaitawa shi ne a yashe a tara a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da shi ciki.

Ɗan Fadamar Guri

Injiniya, ina da ƙari a kan maganarka ta ƙarshe, domin in aka tsaya a kan cewa dam yana rage ambaliya, mutumin Kirikasamma ko Guri zai ce to me ya sa gonarsa ke cikin ruwa har da rani.

Kafin a yi Tiga, Kogin Haɗeja da rani bushewa yake, a bi ta cikinsa da ƙafa. Da damina kuma ruwa ya zo da ƙarfi ya share yashin da ya taru, ya malale fadama wata biyu ko uku, ya janye. A kan wannan tsari aka gina rayuwa: shinkafa lokacin da ruwa ke hawa, kamun kifi yana janyewa, wake da sauran amfanin da ke rayuwa da raɓar ƙasa bayan ya sauka, sannan Fulani su shigo da shanu. Da aka fara sakin ruwa da rani don noman Kadawa da Kura da ruwan shan Kano da gonakin ban-ruwa na wajen Auyo, sai kogin ya daina bushewa, babbar ambaliyar da ke wanke shi kuma ta ragu. Ruwa mai kwanciya, mara zurfi, shekara zagaye, shi ne abin da kacalla ke so.

Kacalla ba ciyawa ba ce da za ka raina. Ta fi mutum tsawo, saiwarta na tafiya ƙarƙashin laka tana fitar da sabbi, ƙwayarta kuma iska ke ɗauka. In ta kama bakin kogi sai ruwa ya rage gudu, laka ta zauna, lakar ta ba ta sabon wurin tsayawa, har ta rufe hanyar. Kogin yana rabuwa ne a wannan yanki: akwai reshen Kafin Hausa tun kafin a iso Haɗeja, ƙasa da gari kuma akwai tsohon Kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma wadda ke kai ruwa Tafkin Nguru. Da wasu rassan suka toshe, ruwan ya karkata inda ya samu hanya, musamman Marma. Sakamakon haka wani gari gonakinsa sun nutse shekara da shekaru, wani kuma da ke kan reshen da ya mutu yana neman ruwan ban-ruwa bai samu ba. Inda ruwa ya daɗe kwance, in ya janye za ka ga kanwa ta fito fari fat a fuskar ƙasa, shuka ba ta yi. Tsuntsayen jan-baki kuma a cikin kacallar suke kwana su wayi gari a gonar shinkafa da gero.

Don haka ambaliya irin ta 2020 da 2022 a Jigawa, ruwa mai yawa ne ya zo ya tarar da hanyar da ta ƙuntata. Yanke kacalla a bar ta ba ya magani, cikin makonni take dawowa. Abin da ke kashe ta shi ne a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, kamar taƙi ɗaya, yadda kututturen zai nutse ya kasa shan iska, a maimaita sau biyu ko uku a kaka guda, kuma a kwashe abin da aka yanka daga cikin ruwa. In aka bar shi, shi ma toshewa yake. Aikin gayya kan yi tasiri a ƙananan hanyoyi, manyan kuwa sai injin yasa. Kuma duk wanda ya fasa gaɓar kogi don jan ruwa gonarsa ya sani, ƙofar da ya buɗe da fartanya damina ɗaya ke mayar da ita rafi.

Ɗan Kurna

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Mai Awo, yaya mutum zai gane iyakar filin da ke juye wa unguwarsu ruwa, tunda ka ce ido ba ya gani? Sannan mai gida ɗaya, akwai abin da zai iya yi a cikin gidansa wanda zai rage wa na ƙasa da shi?

Mai Awo

Amin, Malam. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙafa. Da an ɗauke ruwa mai ƙarfi, tsaya a bakin kwalbatin ka bi ruwan kana hawa, duk inda ya rabu ka bi kowane reshe har inda ya ƙare. Za ka iso wurin da kwatar wannan gida ke gangarowa wajenka, ta maƙwabcinsa kuma ta juya baya. Nan ne doro, sa alama. In ruwan ya riga ya ƙafe, dubi yadda ciyawa ta kwanta, da gefen da leda da kara suka maƙale a jikin turaku da gindin bishiya, da layin datti a bango. Wannan layin shi ne ke gaya maka iya inda ruwa ya kai, ka auna shi da tef ka rubuta da kwanan wata. In ka gama zagaye, buɗe Google Earth ka haɗa alamomin, zai ba ka faɗin filin. Tsayin ƙasa da yake nunawa kuwa kar ka dogara da shi a wuri mai shimfiɗa, yana kuskuren mitoci, alhali rabin mita ke raba gidan da ruwa ke shiga da wanda ba ya shiga.

Don auna gangare, tiyon magina mai haske ya isa. Samu mai tsawon mita 15, ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya a ciki, domin kumfa ɗaya ke ɓata awon. Ɗaura bakunansa a sanduna biyu masu alamar santimita, a tsayar da su nisan mita 10. Bambancin karatun biyu shi ne saukar ƙasa. Kwatar siminti tana son saukar aƙalla rabin santimita a kowace mita, in an samu santimita 1 ya fi, sannan take wanke kanta. Ƙasa da haka yashi zai zauna, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Ruwan sama kuma da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ake auna shi: a ɗora shi kan turke a fili nesa da bango da bishiya, a tsoma rula da safe, a zubar. Bokiti mai faɗin baki ba ya yi, ƙari yake nunawa.

A cikin gida, abu na farko kar a shafe tsakar gida duka da siminti. Na biyu, a tara ruwan rufi. Rufi mai murabba'in mita 150, ruwan milimita 30 zai ba da wajen lita 4,000, ya fi ƙarfin tanki ɗaya, don haka rarar sai a kai ta rami. Kafin haƙa ramin a gwada ƙasar: tona rami santimita 30 ta kowane gefe, a cika shi da ruwa a bar shi ya shanye, a sake cikawa sannan a duba agogo. In na biyun ya ƙafe cikin awa biyu zuwa uku, ƙasar tana sha. In ya kwana, yumɓu ne ko ruwan ƙasa na kusa, ramin ba zai yi amfani ba. Ramin da aka cika da duwatsu kashi ɗaya cikin uku kawai na girmansa yake ɗauka. Mai mita 2 da 2, zurfin mita ɗaya da rabi, lita 2,000 ke nan. Zoben rijiya mai faɗin santimita 90 yana ɗaukar lita 630 a kowace mita ta zurfi, amma dole a yi masa murfin kankare saboda yara. A nisanta shi da harsashin gini aƙalla mita 5, in ginin ƙasa ne a ƙara. Ruwan rufi kaɗai za a sa masa, ban da na wanka da wanke-wanke, domin maiƙo da sabulu suna liƙe ƙasa ta daina sha.

Malamar Labarin Ƙasa

Sannunku da ƙoƙari. Akwai gefen da ba a taɓo ba, wato abin da ruwan ke ɗauke da shi. Ruwan farko na damina shi ne mafi ƙazanta, domin shi ke share abin da ya taru wata bakwai: kashin dabbobi, baƙin man gareji, toka, batir, jinin mahauta. A Jakara da Getsi da Salanta kuma ga ruwan masana'antu, musamman na jima, wanda ke ɗauke da sinadarai masu nauyi da ba sa ruɓewa, laka suke zama. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da alayyafo da kabeji a gefen rafin, ƙarshen na Jakara da Getsi kuma Wasai, inda ake kamun kifi. Wanda ya zuba abu a kwata a cikin gari yana iya sake haɗuwa da shi a kasuwa.

Mai tara ruwan rufi ya bar na minti goma na farko ya zube, balle a ruwan farkon shekara. Masu rijiya kuma su lura, ruwan ƙarƙashin ƙasa galibi gangaren fuskar ƙasa yake bi, sai dai a hankali. Masai ya kasance ƙasa da rijiya ta fuskar gangare, da tazarar mita 30 in fili ya ba da dama, kar dai ya gaza 15. A ɗaga bakin rijiya kamar zuwa gwiwa, a yi mata daɓe mai gangarawa waje. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ruwanta an sa sinadarin kulorin kafin a sha. Yawan amai da gudawa bayan ambaliya daga nan yake farawa.

Tafki ko dam da ya koma kore, ko kainuwa ta rufe shi, alama ce cewa taki da ƙazanta na shigowa daga sama. In ciyayin suka mutu suna ruɓewa sai iskar cikin ruwa ta ƙare, shi ya sa ake wayar gari a ga kifi na iyo a sama yana haki, yawanci da asuba.

Ba-Maraɗe

Ina gaisuwa daga wannan gefen iyaka. Mu ma ruwanmu ba ya neman biza. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta dam ɗin Jibiya ya shigo Nijar, ya zagaya ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Abin da aka yi a sama, mu ke gani a rijiyoyin fadama.

Abin da zan ƙara na gona ne, domin yashin da ke cike ƙorama da dam daga tudu yake fitowa. Fako, wato ƙasar da ta yi ɓawo ta daina sha, kusan kamar kwano take turo ruwa. A ƙasar Tawa an daɗe ana farfaɗo da irinta da tassa: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kamar taku ɗaya, a tara ƙasar da aka tono ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi biyu tun da rani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Inda fili ya fi faɗi ana yin rabin wata, mai faɗin mita 4, bakinsa na kallon tudu, a jera su a saɓe yadda abin da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. Jerin duwatsu kuma dole ya bi layin da tsayinsa ɗaya, a fitar da shi da tiyon da Mai Awo ya faɗa. In aka ja shi da ido ya karkata, ruwan duka zai taru a kusurwa ɗaya ya fasa, ka haifi kwazazzabo da hannunka. A dasa gamba ko jema a bayansa, su riƙe ƙasar.

Kwazazzabo kuwa daga kansa yake ci yana hawa, don haka zuba shara ko buhunan yashi a tsakiyarsa ba ya tsayar da shi. A fara rage ruwan da ke zuwa masa daga sama, sannan a yi ƙananan shingayen dutse a ciki, kowanne kar ya wuce santimita 50 zuwa 60. Tsakiyar shingen ta fi gefuna ƙasa, don ruwa ya bi ta tsakiya. Gefunan a cusa su cikin gaɓa kamar rabin mita, in ba haka ba ruwan zagayewa zai yi ya ci gaɓar. A shimfiɗa duwatsu a ƙasan shingen inda ruwa ke faɗowa, tsawon kamar ninki biyu na tsayinsa, domin nan yake fara tona har shingen ya kife. Tazara tsakanin shinge da shinge kuma, kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama. Bayan ruwa biyu ko uku na farko a koma a duba, duk dutsen da ya gusa a mayar da shi kafin na gaba ya zo.